Baurin Bagaruwa da Tunkiyar Kaka

Shekarar da gwamnati ta ce motoci su bar hannun hagu su koma hannun dama, ina da shekara tara a duniya. Na riƙe wannan sarai, domin mu yaran ƙauye har bakin titin Shagari muka taka da ƙafa, muka tsaya cikin rana muna jiran mu ga yadda mota take tafiya a baibai. Wata babbar mota ta zo ta wuce da buhunan albasa, ba mu ga abin da ya sauya ba, muka koma gida da ƙishirwa. A daminar wannan shekarar ne ruwa ya ɗauke gero yana cikin bununi, wato yana fure. Abin da zan gaya maka ya faru a bazarar da ta biyo baya, lokacin da aka share gindin rumbuna da tsintsiya.

Har gobe idan na ratsa wajen masu sayar da kayan jima a kasuwa, ƙamshin dakakkiyar bagaruwa ya bugi hancina, sai in ji bakina ya bushe kamar na tauna ta. Wanda bai taɓa sa 'ya'yan bagaruwa a baki ba, da wuya ya gane. Ba ɗaci ba ne irin na maɗaci, ba kuma tsami ba ne irin na tsamiya. Bauri ne. Harshe ya takure, dasashi ya yi kaushi, ka nemi yawu ka rasa.

Gidanmu yana wani ɗan ƙauye a ƙasar Shagari, ta wajen Lambara. Mahaifinmu ya tafi cin rani tun da ya ga abin da gona ta bayar, ya bar mu da Inna da Kaka, wato mahaifinsa. Mu biyu ne yaran gidan da suka yi wayo, ni da Yaya, wadda ta girme ni da shekara uku. Kaka dogon tsoho ne marar jiki, malami daidai gwargwado. Shi ya koya mini haɗa baƙi, shi ya ɗora hannuna a kan rubutun ajami. Amma abin da aka fi saninsa da shi a yankinmu shi ne sanin dabbobi, ko bisashe kamar yadda muke faɗi. Ko Fulani, idan ciwon tunkiya ya gagare su, sukan ratso su yi sallama a ƙofar zaurensa.

Ka san wasan da ke tsakanin kaka da jika. Tun da kakarmu mace ta rasu, Kaka ya naɗa Yaya a gurbinta, ba ya kiranta da komai sai Uwargida. Da hantsi zai leƙo daga zaure ya ɗaga murya:

"Uwargida, mi anka dahwa wa maigida yau?"

Ita kuma daga bakin murhu ta ce, "Tsohon da ba shi da haƙori, mi za ya tauna? Ni na bar gidanka tun jiya."

"To wa za ya kwashe ki, da wannan baki kamar reza?"

Sai ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. Ni kuwa ɓarawon goro yake ce mini, saboda wani ɓarin goro da na taɓa zarewa daga aljihunsa. Yana sona, ban taɓa shakka ba. Amma yaro ya san bambancin dariyar da ake yi da shi da wadda ake yi wa wani, kuma ni na san ta Yaya ta fi tawa tsawo.

Kafin yunwa muna da tumaki da dama. Ɗaya bayan ɗaya aka ja su kasuwa suka dawo a matsayin hatsi, har turke ya rage saura tunkiya guda. Uda ce, gabanta baƙi, bayanta fari fat, mai dogayen kunnuwa. Jikanyar jikanyar tunkiyar da kakarmu ta zo da ita gidan ce ranar da aka kawo ta. Kaka ya ce zai sayar da rigarsa ta Juma'a kafin ya sayar da ita. Ga shi tana da ciki. Duk wanda ke gidan ya san cewa idan ta kai damina ta haihu lafiya, garke zai sake tashi daga gare ta, idan kuwa ta faɗi, irin kakarmu ya ƙare ke nan.

Matsalar ita ce abin da za ta ci. Harawa ta ƙare tun sanyi. Karan dawa an cinye har kututture. 'Ya'yan gawo, waɗanda tumaki suka fi so, sai wanda ya riga wani, manya ma tsinta suke yi. Abin da ya rage a daji sai kalgo, sai bagaruwar da ke jere a bakin fadama, wadda yara ke tsinta su tara wa majema masu zuwa saye daga Sakkwato.

A nan ne sanin Kaka ya yi rana. Yakan sa a ɗan farfasa 'ya'yan kalgo a turmi, a haɗa da bagaruwa cikin tafin hannu ɗaya, ba ƙari. A tace tokar karan gero, a zuba su cikin ruwan tokar a wata tsohuwar tukunya tun la'asar, a bar su su kwana. Da safe ruwan ya koma ja kamar jiƙon kanwa da ya daɗe, sai a zubar, a ɗauraye, a shanya. Sa'an nan a cuɗa da 'yar dusa da ɗan gutsuren kanwa a ba tunkiya.

Ranar da ya fara nuna mana, ya zaunar da mu gabansa, ya ba kowa ɗanyen ƙwanso guda ya ce mu tauna. Muka tauna, muka yamutsa fuska. Ya ba mu wanda ya kwana cikin toka, muka ji baurin ya karye.

"Abin ga da kunka ji ya ɗaure muku baki," in ji shi, "shi na majemi ka biɗa. Shi ka kama hwata ya hana ta ruɓa. To tumbin tunkiya ma hwata na. Kaɗan magani na, yana tsai da zawo, yana korar tsutsar ciki. Da yawa kuwa jima ta, da rai. Akuya tana iyawa da shi, Allah ya hore mata. Tunkiya ba ta iyawa. Kak ku ba ta ɗanye, ko tana kuka."

Aikin jiƙo ya damƙa shi hannun Yaya. Ni kuma aka ba ni aikin tawada. Ba tawadar allo ba, wadda ake wankewa, a'a, ta takarda, wadda ba ta goguwa. Ita ma da bagaruwa ake yin ta. A farfasa ƙwanson, a jiƙa shi da ɗan kashin maƙera, wato dattin ƙarfen da ke saura a murhun maƙeri, a ƙaramin kasko har ruwan ya yi baƙi wuluk, a sa ƙaro. Saboda haka ina da 'yar jakata ta ɗanyar bagaruwa a rataye a bayan ƙofar zaure, ba mai tambayata abin da na ɗiba ko abin da na ƙara.

Tunkiyar nan ta san Yaya. Da ta ji motsin ƙwarya sai ta miƙe ta yi ta jan igiya. Idan an kwance ta, duk inda Yaya ta sa ƙafa tana biye, har bakin rijiya. Kaka yakan ce, "Ku duba, ko bisa ta san uwargidan gida." Ni idan na matso sai ta sunsuni hannuna ta kau da kai.

Wata rana bayan azahar, zafi ya kwantar da kowa, na fito daga zaure da ƙwanso uku ko huɗu a hannu, ragowar na tawada. Ban fito da niyyar komai ba, Allah shi ne shaida. Na tsaya gaban turke kawai, sai ta miƙo wuya ta lashe su daga tafina. Na ji laushin leɓenta, na ji tana gurgura da daɗi. Da na juya zan tafi, sai ta yi kuka ta biyo ni iyakar tsawon igiya. Ni ta bi. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan rana ba.

Kashegari na kawo cikin hannu guda. Rana ta uku na cika hulata. Ban manta da gargaɗin Kaka ba, kada ka ce yarinta ce ta sa na manta. Na dai gaya wa kaina cewa tsoho rowa yake yi, cewa ga haƙarƙarinta a waje ga ciki tana ɗauke da shi, yaya za a ce abin da take ci da marmari haka zai cuce ta? Kullum idan gida ya yi tsit da rana, sai in zo da rabona. Na riƙa zuwa fadama ina cika jaka, ana yaba mini da ƙwazon tawada.

Alama ta fari da Kaka ya gani ita ce tuƙa. Tunkiya mai lafiya idan ta kwanta bakinta ba ya hutawa, tana maido abin da ta ci tana sake niƙawa. Tamu sai ta kwanta baki a rufe. Bayan haka kashinta ya ƙanƙance, ya yi tauri, ya yi baƙi kamar tsakuwa, wani lokaci da majina a jiki. Ta fara barin dusa a ƙwarya. Sai ta tsaya ta sunkuyar da kai, kunnuwa a zube, ta daɗe ba ta motsa ba. Kaka ya durƙusa ya sa kunne a kuiɓinta na hagu yana sauraro, ya ɗago ya ce cikin ya yi shiru. Ya sa aka cire bagaruwa daga jiƙo gaba ɗaya. Ya ɗura mata ruwan kanwa, ya roƙo ɗan man gyaɗa a maƙwabta ya ɗura mata. Ni kuwa ban daina ba sai ranar da na miƙa mata hula ta sunsuna ta juya kai. Kwana goma sha biyu ko sha uku ke nan da farawa.

Ranar wata Laraba da safe ta yi ɓari. Mace ce, har gashi ya fito mata, gaba baƙi baya fari irin na uwar. Kaka ya ɗauke ta a tafin hannu biyu ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya kai ta bayan gida ya turbuɗe. Bayan kwana biyu uwar ta kasa tashi. Da ya ga idonta ya fara juyawa, ya ce a miƙo wuƙa kada ta zama mushe.

A tsakar gida aka feɗe ta, a kan ganyen kalgo, wani maƙwabci yana riƙe da ƙafa. Muna tsaye duka. Kaka da kansa ya tsaga tumbin. Abin da ke ciki ya dunƙule ya bushe kamar danƙararren bango, ga ƙwayoyin bagaruwa nan birjik, sun fi a ƙirga. Ya shafa bangon tumbin da yatsa. Maimakon laushi irin na tawul ɗin da muka sani, ya yi duhu ya yi kaushi. Ya kai yatsan bakinsa ya ɗanɗana, ya tofar.

Bai ɗaga murya ba. Ya dubi Yaya ya ce, "Kullum kina bari su kwana cikin toka?"

Yaya ta buɗe baki ta rufe. Sai hawaye. Ta ja gefen zanenta ta toshe fuska.

"Kuma cikin tahi guda nac ce. Wanga ya hi tahi guda."

Ina tsaye bayan Inna, hular nan tana kaina. Kalma huɗu kawai ake bukata daga bakina. Na ji su sun taso har maƙogwaro, sai bakina ya bushe, na haɗiye. Na ɗauka tsoro ne ya hana Yaya kare kanta, na kuma ce a raina ai ita 'yar gaban goshi ce, gobe zai huce.

An raba naman, aka kai wa maƙwabta, aka dafa saura. Yaya ba ta taɓa ba. Ni na ci. Wata huɗu rabona da nama, na ci har na suɗe yatsa, kuma wannan ma yana cikin abin da nake nema wa gafara.

Kaka bai doke ta ba, bai zage ta ba, bai sake tada maganar ba. Abu guda kawai ya canza. Da gari ya waye ya leƙo daga zaure ya ce, "Ke yarinya, kawo mani ruwa." Inna da ke tankaɗe ta tsaya cak. Daga ranar ba a sake jin Uwargida a gidanmu ba. Ba na zaton mugunta ce. Mutum ne da amana ta fi masa komai nauyi, kuma wasa ba ya fita daga bakin da zuciya ba ta sake ba. Wataƙila yana jiran ta zo ta ce ta yi kuskure. Wataƙila ita ma tana jiran ya kira ta. Ni da ke riƙe da mabuɗin, ina zaure ina dama tawada, yana ce mini ɓarawon goro kamar da.

Kaka bai ga girbi na gaba ba. Ruwa ya sauka, gero ya kai gwiwa, zazzaɓi ya kwantar da shi kwana tara. Yaya ce ke kai masa kunu, tana tallafe kansa yana kurɓa. Yakan ce, "Allah shi yi miki albarka," ta amsa da amin, shi ke nan. Ranar da aka fita da shi, ta shiga ɗaki ta juya fuska ga bango. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Shekaru suka yi ta tafiya kamar yadda suka saba. Aka yi wa Yaya aure a Bodinga. Ni na koyi ɗinki, na kafa keke a kasuwar Shagari, na yi iyali. Muna zumunci ƙwarai, ba suna ba biki da ɗayanmu zai rasa na ɗaya. Sai dai akwai abin da kowa ya sani game da Yaya: ba ta kiwo. Ka san mace a ƙasarmu, tunkiyarta ita ce asusunta. Da ita take kai ɗa asibiti, da ita take yi wa 'ya kayan ɗaki. Yaya ko kaza ba ta ajiye ba. Mijinta ya taɓa saya mata rago ta turka, ta sa aka mayar a ranar. Lokacin da ya rasu ya bar ta da yara shida, da daka da surfe da sayar da ƙuli-ƙuli ta rene su. Ina gani, ina taimakawa da abin da ya sawwaƙa, ina gaya wa kaina cewa ra'ayinta ne kawai, wasu ba sa son wahalar dabba. Mutum idan ba ya son ganin abu, ko an kafa masa shi a goshi ba zai gani ba.

Bara waccan, gab da babbar Salla, na kai mata ziyara tare da 'yata ta uku, wadda ta karanci kiwon dabbobi a jami'a. Muna zaune a tsakar gida sai wata maƙwabciya ta shigo. Ta ji an ce likitar dabbobi ta zo, ga dusa ta yi tsada, tana tambaya ko za ta iya ƙara wa ragonta da bagaruwa. Yarinyar ta yi mata bayani tiryan-tiryan. Ta ce baurin nan a makaranta tanin suke ce masa. Ta ce a cikin tumbi akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke narkar wa dabba abinci, idan baurin ya yi yawa sai ya ɗaure abincin gina jiki ya hana su aiki, dabba tana ci tana ramewa, daga baya ya taɓa ƙoda da hanta. Ta ce kaɗan yana da amfani, kuma jiƙawa a ruwan toka yana karya shi. Na zauna ina jin maganar Kaka tana fitowa daga bakin tattaɓa-kunnen da bai taɓa gani ba.

Sai Yaya ta ce, tana tsinke zogale ba ta ko ɗago ba, "Ki ji maganarta. Ni nan na taɓa kashe tunkiya da shi."

"Ke, Gwaggo? Yaya aka yi?"

"Rana ɗaya nim mance ban jiƙa da la'asar ba, mun tahi kallon amarya. Da sahe nij jiƙa, kahin azahar nit tsame nib ba ta. Ban hwaɗa ma kowa ba. Tunkiyar kakarmu ta, da cikinta. Tun ran nan nis san hannuna ba na kiwo ba na."

Yarinyar ta yi dariya ta ce, "Haba Gwaggo, jiƙon rabin yini sau ɗaya ba ya kashe tunkiya. Sai dai in an daɗe ana ɗura mata ɗanye."

"Ke dai da bokonki. Ni nig ga cikinta da idona."

Ban san yadda na yi sallama na fito ba. Shekara hamsin ina ɗauka cewa an zalunci Yaya ne tana sane da cewa ba ta da laifi, ina rarrashin kaina cewa ko ba komai zuciyarta fara ce. Ashe shirun da ta yi a gaban Kaka ba tsoro ba ne. Ta yarda ita ce. Ta ɗauki kayana ta aza a kanta, ta yi ta tafiya da shi har furfura, ba ta ma san ba nata ba ne.

Kada ka zaci washegari na koma. Sai da Salla ta wuce, damina ta wuce, aka cire albasa. Na je ƙauyenmu na tsaya a bakin fadama. Bagaruwar nan duk an sare, an yi itace da gawayi, wurin ya zama lambuna, injin ban ruwa yana ta ƙugi. Yanzu abincin dabba a buhu ake saye, tawada a kwalba. Na tambayi wasu samari ko sun san jiƙon toka, suka dubi juna. Na lissafa waɗanda suka tsaya a tsakar gidanmu ranar da aka tsaga tumbin nan: Kaka ya tafi, Inna ta tafi, maƙwabcin da ya riƙe ƙafa ya tafi. Saura ni da ita. Na tuna abin da malamai ke faɗa, cewa Allah yana yafe abin da ke tsakaninsa da bawa, amma haƙƙin wani sai mai shi ya yafe. Ga ni da hawan jini, ga ta da ciwon ƙafa. Ɗayanmu zai riga ɗaya, kuma ko wane ne ya riga, ƙofa ta rufe.

Na shiga kasuwa na sayi tunkiya uda, na sa ta a bayan a-kori-kura zuwa Bodinga. Da hantsi na isa. Na ɗaure ta a zaure na shiga. Yaya tana kan tabarma ta miƙe ƙafa tana shafa man zafi. Na durƙusa a ƙasa, ban hau tabarmar ba.

"Lahiya? Wa ya rasu?"

"Ba kowa, Yaya. Magana ta nika tahe da ita."

Na faɗa mata duka, tun daga ƙwanso huɗu har zuwa hula. Ban rage ba, ban yi wa kaina ado ba. Hannunta ya tsaya a kan gwiwa.

"Kwana nawa?"

"Sha biyu, ko sha uku."

"Kana tsaye Kaka yat tambaye ni?"

"Ina tsaye."

"Kac ci naman?"

"Na ci."

Ta dafa bango ta miƙe, ta shiga ɗaki ta saki labule. Na zauna a wurin. Rana ta cinye inuwar da nake ciki, ban gusa ba. Jikokinta suna leƙena suna komawa. Ba wanda ya kawo mini ruwa, kuma ban ga laifin kowa ba. Aka kira azahar, na je masallaci na dawo na zauna inda na tashi. Can na ji ta sallame salla, ta fito, idanunta sun kumbura.

"Da ka hwaɗi ran nan," in ji ta, "tsumagiya biyu za ya yi maka, kahin marece an mance. Kai yaro na. Ni ko tsohon nan yat tahi bai sake kirana ba. Ina tallahe da kainai ina jiran shi hwaɗa sau ɗaya, bai hwaɗa ba."

Na sunkuyar da kai, hawaye yana ɗiga a kan rigata.

"Ɗiyana sun kwan da yunwa, ga dusa ina zubarwa ga tumakin mutane, don ina tsoron hannuna. Wannan ba ka iya biya, kak ka ma ce za ka gwada." Ta ja numfashi. "Amma na yahe maka. Duniya da lahira. Ba don ka kyauta ba. Don ban son in ishe su Inna da ƙarar ƙanena ga baki."

Daidai nan tunkiyar ta yi kuka daga zaure. Yaya ta juya.

"Mi ne ne wancan?"

"Taki ta, in kin amsa."

Na je na jawo ta. Yaya ta daɗe tana kallonta daga nesa, hannuwanta a bayanta. Sa'an nan ta matso a hankali, tana ɗingishi. Ta sa hannu ɗaya a ƙarƙashin haɓar tunkiyar, ta ɗaga leɓen da babban yatsa ta duba haƙora, ta shafa ƙugu, ta leƙa hantsa, daidai yadda aka koya mana muna yara.

"Wa yaz zaɓa maka wagga?"

"Ni da kaina."

"An gani. Tela dai tela na. Sun cuce ka, ta kusa zama sa'ata." Ta goge ido da bakin mayafi. "Amma da sauran haihuwa biyu ko uku gare ta, in Allah ya so."

Na miƙa hannu in karɓi igiyar don in ɗaure mata. Ba ta sake ta ba. Ta naɗe ta sau biyu a tafinta, ta waiga tsakar gidan da bai taɓa ganin turke ba, ta nuna gindin darbejiya da haɓa.

"Ga gatari can bayan randa. Tashi ka kahwa mani turke, tun rana ba ta yi sanyi ba."

Na tuɓe babbar riga na rataye a kan katanga, na ɗauki gatari.